Ku Tambayi Likita: Sanyin Jos ne ya kama min yatsu ko jikina ne ke cin kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ni tela ce ina ɗinkin mata a gida, shekarata 38 yarana huɗu. Tun bayan da na haifi autana yau wajen wata bakwai kenan yatsuna suka fara ciwo hannu biyu duka har da wuyan hannu, da asuba in na tashi ko buta bana iya ɗagawa sai babbar yarinyata ta zuba min ruwan alwala, yatsun a sandare suke sai wajen ƙarfe tara ko goma suke sakewa, almakashi kuwa in na riƙe har hawaye nake. Kowa ce min yake sanyin Jos ne ya shige ni wai ban yi wankan jego da kyau ba. Na sha dikilofenak na sha wani ƙaramin farin magani da mai kemis ya haɗa min, in na sha sai in ji garau amma yanzu fuskata ta fara kumbura. Da naje asibiti akayi awon jini likitan yace rumatoyid ne wai sojojin jikina ne ke cin gaɓoɓina, ya ambaci wasu ƙwayoyin T ni dai ban gane ba kuma layi yayi yawa ban samu na tambaya ba. Dan Allah ya za'ayi abinda ke kare ni ya koma yana cina? Kuma in na koma Kano wajen iyayena inda akwai zafi zan warke?
Daga Maman Khalifa, Anguwan Rogo, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Khalifa, sannu kinji, Allah ya baki lafiya ya raya miki yaran. Bari in fara da abinda na san yana cin ranki, wankan jegonki ba shi da laifi ko kaɗan, kada ki bari a ɗora miki wannan nauyin. Garin nan namu yana kan tudu sama da mita 1,200 kuma sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba, gaskiya ne gaɓa mai ciwo ta fi damun mutum in gari yayi sanyi, amma masu rumatoyid suna nan a Sakkwato da Maiduguri inda rana ke ƙuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a 2019 kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. In kin koma Kano ƙila ki ji ɗan sauƙi a jiki amma ciwon yana nan yana aikinsa a ciki.

Yadda kika bayyana shi ma ya isa likita ya zargi rumatoyid tun kafin awon jini: ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, sandarewar safe da ke wuce awa guda, ga shi ya taso bayan haihuwa wanda lokaci ne da aka san ciwon yana yawan ɓullowa ko ya tashi. Ciwon gwiwar tsufa da iyayenmu ke kuka da shi daban ne, shi gogewar gaɓa ce, sandarewarsa 'yan mintoci ne kuma aiki ne ke tayar da shi.

To ƙwayoyin T ɗin. Cikin jininki akwai fararen ƙwayoyi kala-kala, su ake cewa sojojin jiki. Ƙwayoyin T asalinsu daga ɓargo ne, daga nan sai su wuce wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, a can ake koya musu su bambance naman jikinki da baƙon abu, kuma tantancewar tana da tsanani sosai don mafi yawansu basa fitowa da rai, duk wadda aka ga tana zabura in ta ga naman gida a nan ake kashe ta. Sai dai a jikin kowa, har mai lafiya lau, akwai 'yan kaɗan da ke sulalewa su fito.

Ki ɗauke su kamar 'yan sintirin unguwa. Akwai masu gora, akwai kuma mai riƙe da usur, shi baya dukan kowa amma in ya busa unguwa gaba ɗaya zata fito. Mai usur ɗin nan ita ce ƙwayar T da ake kira CD4, kuma ita ce kan gaba a maganar rumatoyid. Bata gani da kanta, wasu ƙwayoyin ne ke zagayawa suna tsinto guntun furotin su ɗora a kan wani mariƙi da ake kira HLA su nuna mata suce kin san wannan? In ta ga ɗan unguwa ne tayi shiru, in baƙo ne ta busa. Kuma kafin ta busa sai ta samu tabbaci na biyu daga wanda ya kawo rahoton, ki riƙe wannan maganar ta tabbaci na biyu don akwai maganin da aka gina a kanta.

Shi wannan mariƙin na HLA gadonsa ake yi, kowa da irin nasa. Tun 1978 wani likita a Amurka, Peter Stastny, ya lura masu rumatoyid sun fi yawan ɗaukar wani nau'i da ake kira HLA-DR4, a 1987 kuma aka gano nau'o'in da ke jawo haɗarin duk sun yi tarayya a wani ɗan lungu guda na mariƙin, daidai inda guntun furotin ke zama. Wannan ne babbar hujjar da ta sa masana suka juyo kan ƙwayoyin T, tunda aikin mariƙin nan kenan, nuna wa CD4 abu. Amma gado shi kaɗai bai isa ba, mutane da yawa suna ɗauke da shi har su tsufa lafiyarsu ƙalau. Sai an samu wani abu ya sauya kamannin furotin ɗin jiki, wani canji da ake kira sitirulin, to a nan ne ɗan unguwa ke fitowa da fuskar da ɗan sintiri bai sani ba. Hayaƙin taba sigari shi ne kan gaba wajen jawo wannan canjin a cikin huhu, ƙurar dutse ma an tabbatar tana ƙara haɗarin, kuma wannan ya shafe mu a Filato da muke da masu fasa dutse da masu haƙar kuza, sannan ana danganta shi da ciwon dasashi mai daɗewa. Mace kamarki da bata taɓa shan taba ba ita ma tana iya kamuwa, ba kowa ake gano abinda ya tayar masa ba. Abin tausayin shi ne rigimar tana farawa shiru tun da daɗewa, awon da ake rubutawa anti-CCP yana iya nunawa a jini shekaru kafin yatsa ɗaya yayi ciwo, wani lokacin har kusan shekara goma.

Yanzu ki duba gaɓar yatsanki ta tsakiya, wadda ta kumbura ta yi laushi in kin danna. A cikinta akwai wani siririn tantani da ke fitar da ruwan da ke sa gaɓa santsi. Nan ƙwayoyin CD4 ke shiga su taru su busa. Sai manyan ƙwayoyi masu hadiye datti, makarofaj, su fara zubo sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6 da IL-1, sai wasu sojojin da ake kira ƙwayoyin B su samu umarni su dinga ƙera makaman da ake kira antibodi a kan naman jiki, wato RF da anti-CCP ɗin da ake dubawa a awon jini, sannan ta wani saƙo mai suna RANKL a tayar da ƙwayoyin da aikinsu rarake ƙashi. Tantanin nan siriri sai yayi kauri ya dinga rarrafawa kan guringuntsi yana cinsa. IL-6 ɗin nan yana hauhawa ne cikin dare zuwa asuba, shi ya sa lokacin alwalar asuba ne yafi miki wuya, kuma shi ne ke kawo kasalar nan da ƙarancin jini da mutane ke ɗauka raki ne.

Akwai kuma wasu ƙwayoyin T ɗin da aikinsu bada haƙuri, su ce a mayar da gora wannan ɗan gida ne. Wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguchi, shi ya fito da su fili a 1995, kuma a 2025 aka bashi kyautar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell kan wannan fannin. A gaɓar mai rumatoyid suna nan, amma kumburin yayi yawa har maganarsu bata tasiri yadda ya kamata.

Kinga dalilin da ya sa hankalina bai kwanta da magungunan da kike sha ba. Dikilofenak yana rage zafi amma baya hana ƙashi lalacewa, kuma shansa kullum yana kawo olsa yana taɓa ƙoda. Farin maganin nan kuwa da ke sa ki ji garau fuska ta kumbura, alamu sun nuna sitiroyid ne irin su deksa ko firedinisolon, yana da amfani in likita ya bada shi na ɗan lokaci da lissafi, amma shan sa haka kawai wata da watanni yana jawo suga da hawan jini da raunin ƙashi. Dan Allah kada ki yanke shi lokaci ɗaya, hakan ma haɗari ne, ki ɗauki ledar yadda take ki kai wa likita ya rage miki a hankali. Raina yana ɓaci duk ranar da naga mace ta zo da yatsu sun riga sun karkace alhali shekara uku tana kan haɗin kemis, don ƙashin da aka rarake baya dawowa yadda yake, kuma ramukan suna iya farawa tun cikin shekarar farko ko ta biyu. Watanni uku zuwa shida na farko ne magani yafi kamawa, ke kina wata na bakwai, baki makara ba amma kada ki ƙara jira. Ki nemi a tura ki wajen likitan gaɓoɓi a asibitin koyarwa, ga JUTH nan a Lamingo, kuma ki faɗa da bakinki cewa kina shayarwa tun kafin a rubuta komai, don metotireksat, maganin da aka saba farawa da shi, baya tafiya da shayarwa amma akwai irin su haidiroksikulorokwin da salfasalazin da ake bai wa mai goyo.

Kafin nan ki dinga tsoma hannuwan cikin ruwan ɗumi da safe kina buɗewa kina rufewa a hankali, yankan atamfa ki bar shi sai rana ta ɗaga, shadda mai tauri kuma ki samu mai taya ki yanka. Masu fara magani da wuri da yawa suna komawa kan kekensu, in sha Allahu kina cikinsu.

TAMBAYA: Salam Dakta. Mahaifiyata ce aka ce tana da rumatoyid, naji likitan yana faɗin CD4 kuma ya rubuta ayi mata awon HIV, wallahi tun ranar bana barci don ni a sanina CD4 maganar masu ƙanjamau ce. Ko ɓoye mana ake? Sannan wata maƙwabciyarmu ta kawo wani magani na gwangwani mai tsada wai yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, mu saya? Kuma ni ma zan gada?
Daga ɗanki a Gangare

AMSA: Ɗana ka kwantar da hankalinka, Allah ya yi maka albarka da kake kula da Mama. Kowa yana da CD4, ni da kai duka, mai lafiya yana da wajen 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Ƙwayar HIV tana kashe su ne har in sun yi ƙasa da 200 jiki ya kasa kare kansa. A rumatoyid suna nan da ransu, matsalar ita ce sun juya kan gaɓoɓi, shi ya sa ma ba'a ƙirga CD4 don gano wannan ciwon. Awon HIV da na ciwon hanta B da C da hoton ƙirji saboda tarin tibi kuwa ƙa'ida ce ga duk wanda za'a fara bai wa maganin da ke sassauta garkuwar jiki, don kada a tayar da wata cutar da ke kwance. Akwai wani dalilin kuma, awon RF yana iya nunawa ga mai ciwon hanta ko tibi ko ma tsoho mai lafiya, sannan wasu masu rumatoyid na gaske awon nasu baya nuna komai, don haka dole likita ya haɗa da abinda ya gani da hannunsa.

Maganin gwangwani kada ku saya. Garkuwar Mama bata da rauni balle a ƙara mata, kuma waɗannan kayan ba'a san ainihin abinda ke cikinsu ba, an sha kama wasu magungunan ciwon gaɓoɓi da ake cewa na ganye ne da sitiroyid a ɓoye ciki, wasu kuma suna wahalar da hanta a daidai lokacin da muke buƙatar hantar lafiya saboda maganin asibiti. Kuɗin ku ajiye na awon jini da kuɗin mota ranar kilinik.

Batun gado, ɗan mai ciwon yafi wani haɗari kaɗan amma mafi yawa basa kamuwa, ko tagwaye masu kama ɗaya in ɗaya yana da shi galibi ɗayan baya samu. Abinda ke hannunka shi ne taba, in kana sha ka bari, ka kuma kula da haƙoranka.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Matata aka ɗora wa metotireksat sai na duba a intanet naga maganin ciwon daji ne, na hana ta sha. Naga kuma wai a waje akwai allurar da ke kama ƙwayoyin T ɗin kai tsaye, ba gara mu nemi wannan ba ko nawa ne?
Daga Baban Ummi, Bukur

AMSA: Baban Ummi na gane tsoro ne da ƙauna suka sa ka hana, amma ina roƙonka ku koma wajen likitan cikin satin nan ta fara sha. Gaskiya ne ana amfani da shi a ciwon daji, sai dai a can da yawa ake bayarwa, a rumatoyid kuwa ɗan kaɗan ne, tsakanin miligiram 7.5 zuwa 25 sau ɗaya a sati, kuma a wannan awon aikinsa lafar da kumburi ne da rage zaburar ƙwayoyin garkuwa har da na T ɗin. Tun 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwon kuma har yau da shi ake farawa a Landan da Abuja duka.

Allurar da ka gani sunanta abatasef, ana sayar da ita da sunan Orencia, an amince da ita a 2005. Tabbaci na biyun nan da na faɗa wa Maman Khalifa shi take tarewa, ƙwayar T ta ga abin amma bata samu izinin tashi ba. A shekarun 1990 an gwada kashe ƙwayoyin CD4 ɗin gaba ɗaya sakamakon bai gamsar ba, wanda ya fi aiki a lokacin shi ne tare TNF da Ravinder Maini da Marc Feldmann suka gwada a Landan, daga baya aka gane hana ƙwayar T tashi yafi kashe ta. A 2024 ma an wallafa wani gwaji da aka yi a Ingila da Holan kan mutum 213 masu anti-CCP da ciwon gaɓa amma kumburi bai fito ba tukuna, waɗanda aka yi wa abatasef na shekara guda kaɗan ne cikinsu ciwon ya bayyana musu a wannan lokacin in aka kwatanta da sauran. Magani ne mai kyau, amma ko a ƙasashen da ke da shi sai metotireksat ya gaza ake zuwa gare shi, yawanci ma haɗa su ake. Ga tsada mai yawa kuma ba allurar sau ɗaya bace, ga shi dole ya zauna a firji kullum, kai ma ka san yadda wutarmu take. Ni a ganina gara maganin da zaku iya riƙewa shekara da shekaru ba yankewa.

Ga abinda nake so ka riƙe mata tunda kai ne a kusa. Sau ɗaya a sati ne, ku zaɓi rana ɗaya misali Juma'a ku rubuta a jikin kwalin da babban baƙi, shan sa kullum bisa kuskure yana iya kisa. Ta sha folik asid ɗin da aka haɗa mata a ranar da likita ya faɗa. Kada wani ya bata Septrin tana kan wannan maganin, haɗuwarsu tana durƙusar da ɓargo, duk kemis ko asibitin da taje ta faɗa tana shan metotireksat. Yana illa ga ɗan tayi sosai, don haka ku yi maganar tazara da likita tun yanzu, in kuna son ƙarin haihuwa ku faɗa a canza mata magani watanni kafin nan. Za'a dinga awon jini da na hanta a kai a kai musamman a farko, kada ku tsallake. Baya aiki nan take, sai sati shida zuwa sha biyu, kada ku ce bai karɓe ta ba a sati na uku. In kuma ka ga gyambo a bakinta, ko zazzaɓi, ko busasshen tari da haki, ko idonta yayi ɗorawa, ta dakata da na satin ku tafi asibiti a ranar.